Dodon Gida Ya Fi Na Aro Ban Tsoro



Makon jiya ɗan ƙanwata ya kawo mini wani gajeren labarin ban tsoro da ya rubuta, wai in duba masa. Hausarsa ba laifi. Amma me zan gani? Tsohuwar fada a kan dutse, dusar ƙanƙara na zuba, ga wani mashayin jini yana fitowa daga akwatin gawa. Na ce masa, "Ɗana, yaushe ka ga dusar ƙanƙara a hanyar Rijau? Mu da muke binne mamaci da likkafani, ina ruwanmu da akwati?"

Abin da yaranmu ba su lura ba shi ne, su kansu Turawan daga bakin kakanninsu suka ɗebo. A 1979 Angela Carter ta Ingila ta fitar da The Bloody Chamber, ta gina babban labarin ciki a kan tsohuwar tatsuniyar mijin da ya hana amaryarsa buɗe wani ɗaki guda a gidansa.

To, mu ma ai muna da tamu. Kakata, wadda aure ya kawo ta nan daga ƙasar Katsina, ta sha ba mu tatsuniyar budurwar da ta rantse ba ta auren mai tabo ko ɗaya a jiki. Baƙo kyakkyawa ya zo, ta bi shi, sai da suka yi nisa cikin daji ya rikiɗe ya koma dodo. Wallahi har yau in na tuna, tsigar jikina tashi take. Dodon nan da sallama ya shigo, aka yi masa shimfiɗa, aka ba shi ruwa, aka ba shi 'ya. Mu da iyayenmu suka zo garin nan a baƙi, aka tambayi asalinsu kafin a ba su aure, mun san wannan fargaba ta kowane ɓangare.

Ba ina cewa aro laifi ba ne. Abubakar Imam, wanda aka haifa a Kagara nan kusa da mu a 1911, ya aro daga Alfu Laila da tatsuniyoyin Jamus cikin Magana Jari Ce, amma ya sa musu riga da hula har ba ka gane baƙi ne.

Shawarata ga masu rubutunmu: ku zauna da tsofaffin nan tun suna raye. Ku tambayi maƙwabtanmu Kambari da Dukawa nasu labaran. Ga kukar bayan gari, ga kangon gida, ga rijiyar da aka daina ɗiba. Kakata ta rasu da tatsuniyoyi da yawa a bakinta, uku kawai na riƙe.

Allah ya jiƙan magabata, ya sa mu dace.