Filin Kimiyya: Funfunar Gyada Da Hantar Ɗan Adam

A shekarar 1960 talo-talo wajen 100,000 suka mutu a Ingila, masu kiwo suka rasa ta inda annobar ta ɓullo. Da aka bi diddigi sai aka tarar tunkuzar gyada ce da aka kawo daga Barazil. Funfuna ta kama ta, ita kuwa funfunar nan tana fitar da wani dafi wanda masana suka raɗa wa suna aflatoksin. To, jama'a, mu da ba mu rabuwa da ƙuli-ƙuli da kunun gyada, wannan zance namu ne.

A cikin kusan kowace ƙwayar halitta ta jikin mutum akwai wani dogon rubutu da ya gada daga iyayensa, wanda ake kira DNA. Haruffansa huɗu ne tak, amma shi ke gaya wa ƙwayar lokacin da za ta hayayyafa da lokacin da za ta tsaya. In harafi guda ya sauya a muhimmin wuri, sai umarni ya rikice.

Wani masani a Amurka, Bruce Ames, ya fito da dabarar gane sinadaran da ke sauya haruffan nan. Ya sami bakteriya masu wata nakasa ta gado, waɗanda ba sa iya tsirowa a faranti sai in wani abu ya taɓa rubutunsu. Abin mamaki, in an zuba musu aflatoksin shi kaɗai, ba a ganin wani abin kirki. Amma a 1973 da ya haɗa da markaɗaɗɗiyar hantar ɓera, sai faranti ya cika da tsiro. Ashe hanta ce, garin ƙoƙarinta na narkar da dafin don ta fitar da shi, take mayar da shi wani abu mai manne wa DNA. Wato da an tsaya ga gwajin farko, da an wanke mai laifi an sallame shi. Shi ya sa in na ji an ce an gwada abu kaza ba a ga illa ba, nakan so in san yadda aka yi gwajin.

A 1991 aka binciki masu sankarar hanta a Sin da kudancin Afirka, aka ga da yawansu harafi guda ne ya sauya, a gurbi na 249 na ƙwayar gado mai suna p53, wadda aikinta shi ne taka wa sankara birki. Haɗarin kuwa yakan ninku ga mai ciwon hanta nau'in B.

Suya da dahuwa ba sa kawar da dafin nan. Abin da ke rage shi shi ne shanya gyada da masara su bushe sarai kafin a kai su rumbu, da tsince waɗanda suka lalace. Sai dai na sha ganin tsintattun nan ba bola ake kai su ba, mai ƙuli-ƙuli ake sayar wa da araha.