Raddi ga masu cewa a manna fikof da tsirkiya

Akwai wata karantarwa da ta yaɗu tsakanin matasa masu koyon jitar lantarki, har wasu masu gyara sun mayar da ita ƙa'ida. Suna cewa duk mai son jitarsa ta yi murya, to ya ɗaga fikof, wato maganaɗisun nan da ke kwance ƙarƙashin tsirkiyoyi yana ɗaukar sauti, har sai ya kusa taɓa su. Wannan kuskure ne, kuma ya ɓata muryar jitoci da yawa waɗanda lafiyarsu ƙalau. Bari mu bi hujjojinsu mu gani.

Babbar hujjarsu ita ce kusanci yana ƙara ƙarfin sauti. Ba mu musa ba. Fikof maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar jan ƙarfe, a jitar Stratocaster naɗin yakan kai wajen 8,000. Idan tsirkiyar ƙarfe ta yi rawa a gabansa sai 'yar wutar lantarki ta gudana a cikin wayar, bisa ƙa'idar da Michael Faraday ya gano a 1831, kuma iya kusancin tsirkiya iya yawan wutar. Abin da suka manta shi ne aikin maganaɗisu bai tsaya ga ɗaukar sauti ba, yana kuma jan ƙarfe. Tsirkiya tana rawa ta fuska biyu, sama da ƙasa, da kuma gefe da gefe. Jan maganaɗisu ya fi taɓa ta sama da ƙasa, sai saurin rawar biyu ya ɗan saɓa, kunne ya ji kamar murya biyu ke karo da juna, sautin yana karkarwa. Ga shi kuma amon ba ya daɗewa. Masu gyara a Amurka sun san cutar har sun laƙaba mata suna Stratitis, saboda ta fi kama Stratocaster mai fikof uku, wanda kowane maganaɗisunsa ke kallon tsirkiya ido da ido.

Wanda ke shakka ya gwada da hannunsa. Ya danna tsirkiya mafi kauri a firet na 12 ko sama da haka, ya kaɗa, ya dubi na'urar saita murya. In fikof ɗin wuya ya yi sama da yawa zai ga allurar ta ƙi zama wuri ɗaya. Ya sauke shi kaɗan, ya sake kaɗawa, zai ga ta natsu. Abin ya fi muni ga masu salon Agadas, inda babban yatsa ke riƙe da amon tsirkiya mai kauri yayin da sauran yatsu ke gudu a kan sirara. Mdou Moctar, ɗaya daga cikin masu wannan salon, Stratocaster yake riƙewa, kuma yara da dama ita suke nema saboda shi. In amon ƙasan nan ya fara karkarwa, duk ginin kiɗan ya rushe.

Sai su ce ai akwai manyan makaɗa da fikof ɗinsu ke dab da tsirkiya, kuma muryarsu ba ta ɓaci ba. Haka ne, amma wane irin fikof? Hambaka, wato irin fikof ɗin da Seth Lover ya ƙera wa kamfanin Gibson a 1955, wadda ta hau jitar Les Paul a 1957, maganaɗisunta shimfiɗe yake a can ƙasa, ƙusoshin ƙarfe ne ke kawo ƙarfinsa sama, don haka janta bai kai na Stratocaster ba. Fikof ɗin EMG kuwa da gangan aka sa masa maganaɗisu mai rauni, batir mai bolt 9 ne ke ƙara masa ƙarfi. Ɗauko hukuncin waɗannan a ɗora wa wanda ba irinsu ba ƙiyasi ne da bai inganta ba. Kamfanin Fender mai ƙera Stratocaster da kansa bai ba da awo ɗaya ba. Ga fikof irin na da, ya ce a danna firet na ƙarshe, a bar milimita 2.4 a ɓangaren masu kauri da milimita 2 a ɓangaren sirara. Fikof ɗinsa na Texas Special mai zafi ya fi buƙatar tazara. Hambaka kuwa milimita 1.6 ta ishe ta.

A cikin waɗannan alƙaluma akwai amsar wata da'awar tasu, wai dole fikof ya kwanta sambal, kuma duka ukun tsayinsu ɗaya. Ido ne ke son haka. Tsirkiya mai kauri ta fi yawan ƙarfe, ta fi jawuwa, ta fi ƙara, shi ya sa ake karkatar da fikof ya yi ƙasa a ɓangarenta. Haka nan rawar tsirkiya ta fi faɗi a wajen wuya fiye da gindin jita, don haka in ba a sauke na wuya ba, da zarar an juya makunnin zaɓen fikof sai sautin ya yi tsalle.

Hujjar da na fi girmamawa ita ce ta makaɗan biki. Sukan ce amfilifayarsu ƙarama ce, ga ƙugin janareta, ga gurnanin wutar lantarki mai zagaye 50 a daƙiƙa da ke shiga fikof irin na Stratocaster, in an sauke shi sai gurnanin ya danne kiɗa. Wannan damuwa ce ta gaske, kuma ba mu ce a binne fikof a cikin katako ba, don in ya yi nisa sautin sirancewa yake. Amma saukewar da ake magana milimita ɗaya ce ko ƙasa da haka, kuma abin da aka rasa na ƙara, ɗan murɗa amfilifaya zai dawo da shi. Sautin da ya riga ya karkace tun daga tsirkiya kuwa babu amfilifayar da za ta miƙe shi, sai dai ta ƙara yayata shi ga 'yan biki.

Abin da ya fi ɓata mini rai shi ne, idan karkarwar ta bayyana sai a ce wa yaro fikof ɗinsa ya mutu, ya sayi sabo, ko a yi ta matsar da mazaunin tsirkiya ana neman daidaito alhali maganaɗisu ne ke yaudarar na'ura. Kuɗi ya tafi, cuta tana nan.

Don haka, ɗan'uwa makaɗi, fara daidaita wuyan jita da tsayin tsirkiyoyi. Sannan ka ɗauki sukudireba da ma'aunin milimita, ka soma daga awon kamfani, ka riƙa juya ƙusar fikof rabi-rabi kana saurare, da amfilifayar da kake fita aiki da ita. Wanda kuma ke da hujjar da ta fi waɗannan, ya kawo ta da jita a hannu a kaɗa a ji.