Sukuwar yashi a Faransa, kuɗin kaka a Maradi: wa ke cin ribar PMU?

Daga watan Disamba zuwa farkon Maris, sanyi da ruwan sama kan tilasta rufe yawancin filayen ciyawa na sukuwar dawaki a Faransa, sai tsere ya koma kan filayen yashi da ake kira PSF. Lokacin ne kuma manoman jihar Maradi ke da ɗan abin hannu bayan kaka, matasa kuma ke fita ci-rani. Masu buga PMU na cewa sukuwar yashi ta fi sauƙin hasashe. Akwai ƙamshin gaskiya a zancen, sai dai lissafin da ke bayan tike na nuna wani abu dabam.

Abin da bai tafi ba

Tun bayan sauyin gwamnati na ranar 26 ga Yulin 2023, abubuwa da dama da suka haɗa Nijar da Faransa sun yanke. An dakatar da RFI da France 24 a watan Agustan 2023, sojojin Faransa na ƙarshe sun fice a watan Disamba na wannan shekara, ofishin jakadancinta ya rufe a farkon 2024, sannan kundin sake gina ƙasa na watan Maris 2025 ya ba Hausa matsayin harshen ƙasa. Amma dawakin Faransa suna nan. Kullum rumfunan PMU na hukumar LONANI, a birnin Maradi da sauran manyan garuruwa, na karɓar kuɗin jama'a a kan tseren da ake yi a Vincennes, Deauville, Chantilly ko Cagnes-sur-Mer. A hunturu ma agogon Faris da na Yamai ɗaya ne.

Lamarin ya shafi karkara fiye da yadda ake zato. Gangara, ƙaramar hukumar da ke cikin gundumar Gazawa tun da aka cire gundumar daga ta Agye a 2011, yanki ne na noman gero, dawa, wake, gyaɗa da riɗi, kusa da iyakar jihar Katsina. Kuɗi na shigowa gidajen yankin sau ɗaya ne a shekara, bayan girbi. Da an gama aikin gona, samari kan bi hanyar RN1 zuwa Maradi, Damagaram ko Yamai, wasu su tsallaka Najeriya. A can ne mai tallan shayi ko ɗan kabu-kabu ke fara sanin tiyarse da karte da kente, kuma wayar salula kan biyo shi da lambobin har gida. Haka abin yake ga matasan Agye, Cadawa da Gidan Rumji.

Mene ne PSF?

PSF taƙaitawa ce ta sunan Faransanci da ke nufin filin yashi mai zare. Ana haɗa yashi mai laushi da zaruruwan roba, a cuɗa su da kakin da ke riƙe su, a shimfiɗa a kan tsakuwa da magudanan ruwa. Ruwan sama na zarcewa ƙasa, filin ba ya zama caɓi, kuma da wuya ya daskare. Shi ya sa ake iya sukuwa a kansa rani da damina.

A Ingila an fara irin wannan tsere a filayen Lingfield da Southwell a 1989. Faransa ta biyo baya: Deauville ya samu nasa a 2003, Chantilly a 2012, akwai kuma na Cagnes-sur-Mer, Pau, Pornichet da Lyon. Da farko ana yi wa yashin kallon filin ƙananan dawaki, amma wannan ya kau. Goɗiyar nan Enable, wadda ta ci babbar gasar Arc de Triomphe a 2017 da 2018, a kan yashin Newcastle ta yi tserenta na farko a 2016. Shi ma Ace Impact, wanda ya ci gasar a 2023, a yashin Cagnes-sur-Mer ya fara a watan Janairun wannan shekarar.

Dalilin da ya sa masu wasa ke son PSF a fili yake. A kan ciyawa, ruwan dare ɗaya na iya sauya komai: dokin da ke tashi a busasshiyar ƙasa sai ya nutse a laka. A kan yashi kuwa, filin jiya kusan shi ne na yau, don haka ana iya gwada tseren wannan mako da na makon jiya. Duk da haka, ba a rasa ɗan bambanci, domin kakin na taurara da sanyi, ya saki da zafi, kuma zurfin kaftun da ake yi wa filin kafin tsere na sa shi sauri ko nauyi.

Abubuwan da masana ke dubawa

Na farko shi ne tarihin doki a kan yashi. A takardar shirin tsere, gaban sunan kowane doki akwai jerin lambobi da haruffa da Faransawa ke kira musique, kamar 1p 4p 0p 2p. Lamba na nuna matsayin da ya zo, sifiri na nufin bai shiga tara na farko ba, harafin p kuma na nufin sukuwar fili marar tsallake. A nan tarko yake: harafin p bai bambanta ciyawa da yashi ba. Doki na iya jera 1p da 2p duk a ciyawa, ya zo yashi ya kasa, domin akwai dawakin da ba sa jure ƙurar da na gaba ke watso musu a fuska. Wani kuma takardarsa cike da sifiri na lokacin zafi, amma da ya dawo yashin Deauville sai ya zama wani doki. Wanda ke da takarda ɗaya tak a hannu ba zai ga wannan ba.

Na biyu, nauyin kaya. Yawancin tseren fili da ake zaɓa don kente irin wanda ake kira handicap ne, inda jami'in hukumar France Galop ke ba kowane doki maki bisa ƙarfinsa, sannan a ɗora masa nauyi daidai da makin. Doki mai lamba 1 shi ne ya fi kowa kaya, na ƙarshe ya fi kowa sauƙi. Wanda ya ci tsere, ana ƙara masa maki. Ma'ana, an tsara tseren ne da gangan domin dawakin su iso layi kusan tare. Mai hasashe yana kokawa ne da mutumin da aikinsa shi ne ya hana a gane wanda zai ci.

Na uku, akwatin tashi. Lambar da ke kan tike dabam take da lambar akwatin da doki zai tashi daga ciki, wadda ake fitarwa ta hanyar ƙuri'a. Filayen yashi na da kwana, kuma a gajeren tsere kamar na mita 1.300 ko 1.500, wanda ya tashi daga can waje sai dai ya ƙona ƙarfinsa wajen neman gurbi, ko ya zagaya ta baya ya ƙara wa kansa tafiya. A tsere mai tsawo kamar mita 1.900 zuwa sama, mahayi na da sararin gyara matsayinsa.

Na huɗu, nisa da salon gudu. Akwai doki mai son jan gaba, akwai mai laɓewa sai an miƙe layin ƙarshe. Idan masu jan gaba sun yi yawa a tsere ɗaya, sukan gajiyar da juna, na baya su zo su wuce. Idan guda ɗaya ne, yana iya tafiya abinsa.

Na biyar, barga da mahayi. Wasu masu horarwa na ajiye dawakinsu musamman don hunturu. Dokin da ya huta, ya yi tsere ɗaya na warware jiki, sannan aka ɗora masa babban mahayi, alama ce cewa bargar ta fito nema.

Lissafin da ba a faɗa a bakin rumfa

Duk waɗannan dabaru na rage kuskure, amma ba sa kawar da shi. Sanannen abu ne a duniyar sukuwa cewa dokin da aka fi zuba wa kuɗi yakan ci kusan sau ɗaya ne cikin uku, kuma a manyan handicap abin bai kai haka ba. Wannan doki ɗaya ke nan. Mai tike kuwa uku, huɗu ko biyar ake nema ya faɗa.

A ɗauki tsere mai dawaki 16. Hanyoyin da uku na farko za su iya jeruwa sun kai 3.360. Na huɗu na farko, 43.680. Na biyar na farko, 524.160. Ko an ajiye jeri gefe, an ce a dace da dawakin kawai, akwai haɗi 560 a tiyarse, 1.820 a karte, 4.368 a kente. Idan aka ƙaddara tike ɗaya dala 40 ne, wato CFA 200, mai son rufe kowace ƙofa a kente bisa jeri sai ya kashe sama da miliyan 104.

Sai kuma tsarin wasan kansa. Tun da aka kafa PMU a Faransa a farkon shekarun 1930, da tiyarse da André Carrus ya ƙirƙiro a 1954, har zuwa kente na 1989, ƙa'idar ɗaya ce: ana tara kuɗin kowa a tukunya ɗaya, mai shirya wasa da gwamnati su cire kasonsu, ragowar a raba wa waɗanda suka dace. A Faransa abin da ke komawa hannun masu wasa bai wuce wajen kashi uku cikin huɗu ba. Masu wasa junansu suke ci, kuma tun kafin dawaki su tashi tukunyar ta riga ta ragu.

A nan ne sauƙin hasashen PSF ke juyewa mai shi. Abin da ɗan Maradi ya gani a takarda, dubban mutane sun gan shi. Ranar da fitattun dawaki suka zo yadda aka zata, masu cin sun yi yawa, rabon kowa ya zama ɗan kaɗan, wani lokaci da ƙyar ya mayar da kuɗin tikitocin da aka zuba. Ranar da rabo ya yi tsoka, to wani dokin da ba wanda ya kula da shi ne ya kutso, kuma ranar ce masu bin dabara ke faɗuwa. Ɓangare ɗaya ne kawai ba ruwansa da wanda ya zo na ɗaya: mai karɓar kaso.

Dokin mai baki ya fi gudu

Wannan giɓi ne masu sayar da lambobi ke cikewa. A WhatsApp da Facebook akwai masu tallan haɗin da suke kira tabbatacce, suna neman a tura musu kuɗi ta waya kafin su bayar. Dabarar tsohuwa ce: a raba wa mutane dabam-dabam lambobi dabam-dabam, wanda ya dace a yaɗa hoton tikensa, sauran a yi shiru da su. Tambayar da ya kamata mai saye ya yi wa kansa guda ce: wanda ya san dawaki biyar da za su zo, me zai yi da jika ɗaya ta wani?

Abin lura shi ne jihar Maradi ba baƙuwar doki ba ce. Hawan salla a fadar Katsinar Maradi da ta Gobir a Tibiri, cikin gundumar Gidan Rumji, da sukuwar da ake yi a bukukuwan karkara, sun isa shaida. Dattijon da ya san doki yakan dubi ƙirjinsa da ƙafafunsa, ya ga yadda yake cin harawa, ya kalle shi a wurin kilisa, ya san wanda ke hawansa, kafin ya ce wannan akawal ɗin zai wuce wancan kilin. Gani ya kori ji. Mai buga PMU kuwa bai taɓa ganin dokin da ya zuba wa kuɗi ba, bai san ko ya kwana da tari ba, bai san abin da mai barga ya faɗa wa mahayi ba. Waɗanda suka san wannan suna Faransa. Shi lamba ya saya, cinikin biri a sama.

Abin da ke cikin haɗari

Dala 100 a rana ba ta da girma a ido. Amma CFA 500 kullum, daga Disamba zuwa ƙarshen Fabrairu, jika 45 ke nan, kuɗin da ya haura farashin buhun gero a lokacin kaka. A gida irin na Gangara, wannan buhun shi ne ke raba iyali da cin bashi a watannin Yuni zuwa Agusta, lokacin da rumbu ya yi ƙasa, hatsi ya yi tsada, ga aikin gona. Kuɗin ci-rani da ake jira don iri, taki ko gyaran ɗaki, idan ya zube a rumfa, mata da yara ne ke fara ji a jika.

Malaman addini sun daɗe da bayyana matsayinsu cewa caca haramun ce, ko da wane suna aka kira ta. A maƙwabta, hukumar Hisbah ta Kano ta rufe shagunan cacar wasanni a watan Oktoban 2024, sannan a watan Nuwamba Kotun Ƙolin Najeriya ta yanke cewa jihohi ne ke da hurumin tsara harkar caca. A Nijar lamarin ya sha bamban, domin LONANI hukumar gwamnati ce, tana shigar da kuɗi baitulmali, tana kuma ciyar da masu rumfuna da dama. Wannan ne ya sa zancen ke da nauyi: gwamnati ce mai tsara wasan, ita ce kuma mai cin moriyarsa.

Tsakanin rufewa da zuba ido akwai matakan da ba su da tsada. Tun da Hausa ta zama harshen ƙasa, ana iya rubuta wa mai wasa a jikin kowace rumfa, da harshen da yake ji, kason da ake cirewa daga kuɗinsa da yawan haɗin da ke cikin kowane tsere. Ana iya tsaurara hana yara matsowa kusa da rumfunan, a kuma bi sawun masu sayar da lambobin bogi ta waya. Gidajen rediyon karkara na Agye, Gazawa da Gidan Rumji na iya yin wannan bayani a daidai lokacin da matasa ke shirin fita ci-rani.

A watan Maris ciyawa za ta sake buɗewa a Faransa, dawakin yashi su koma hutu. A Gangara kuwa, lokacin ne za a fara leƙa rumbu ana ƙidaya damman da suka rage kafin ruwan farko.