Sayen Tsohon Gida A Tsakiyar Kaduna

Tun da gwamnatoci suka shiga sayar da gidajen ma'aikata, Gwamnatin Tarayya bayan shekarar 2003, ta Jihar Kaduna kuma a zamanin Gwamna Nasir El-Rufa'i, tsofaffin gidajen Kaduna ta arewacin kogi suka shiga hannun dillalai. Yau ma'aikacin da ya tara ɗan abin da ya tara, ko ya karɓi kuɗin sallama, yana tsakanin abu biyu: ko ya sayi sashe guda a tsohon gidan bene cikin gari, watau abin da a ke kira fulat, ko ya fita bayan gari wajen Rigacikun ko Mando ya gina sabo. Mu dai a ganinmu na cikin garin ya fi, amma da sharaɗi.

Dalilinmu na farko shi ne yadda aka shata garin. Kaduna gari ne da aka zana a takarda kafin a gina. A shekarar 1917 aka ɗauke hedkwata daga Zungeru aka kawo ta nan, ta kuma zama babban birnin Jihar Arewa har 1967. Saboda haka unguwanni irin su Unguwar Rimi da Unguwar Sarki suka sami tituna masu faɗi, da magudanan ruwa, da itatuwa. Gidajen da aka gina wa ma'aikata a lokacin suna da ɗakuna masu yalwa, da dogon bango, da tagogi masu fuskantar juna don iska ta ratsa, domin magina na wancan zamani ba su dogara ga na'urar sanyaya ɗaki ba.

Na biyu shi ne kusanci. Wanda ke zaune kusa da titin Ahmadu Bello ko titin Ali Akilu, Kasuwar Shehu Abubakar Gumi na kusa da shi, haka asibitin Barau Dikko, da makarantu, da ofisoshi. Wanda ya yi nisa kuwa, rangwamen da ya samu wajen fili zai riƙa biyansa kullum a kuɗin mota da haƙa rijiya, shi da 'ya'yansa. Araha ba ta ado.

To, amma ga sharuɗɗan. Na farko takarda. Bisa Dokar Amfani da Ƙasa ta 1978, ƙasar jiha tana hannun Gwamna ne a kan amana. Abin da mutum ke saye izinin zama ne na wani adadin shekaru, yawanci 99, kuma ba a sāke masa hannu sai da yardar Gwamna. Cinikin da aka yi ba da wannan yarda ba, doka ba ta san da shi ba. Lalle ne mai saye ya ɗauki lauya, su tafi hukumar KADGIS mai kula da rajistar filaye, a duba sunan wa ke kan takardar, shekara nawa suka rage, ko an jinginar da ita a banki, ko akwai bashin kuɗin ƙasa. In gidan gado ne, kada ya ba da ko kwabo sai magada duka sun sa hannu. Takardar da aka ba ma'aikaci ya zauna a gidan gwamnati ba takardar mallaka ba ce, ko da ya shekara talatin a ciki.

Na biyu ginin kansa. Sabon fenti ya kan rufe tsaga. A kira injiniya ya duba tushe da ginshiƙai, a duba wayoyin lantarki da bututun ƙarfe da suka yi tsatsa, a leƙa cikin silin. Rufin asbesto da aka yi amfani da shi a dā, ƙurarsa tana cutar da huhu in ya karye, sai a san yadda za a sauke shi. A je ganin gida cikin watan Agusta ko Satumba, sa'ad da ruwa ke tona asirin kowane rufi. Wanda gidan da ya ke so ya ke gangaren kogi, ya tuna ambaliyar 2003, ya tambayi tsofaffin unguwa inda ruwa ya tsaya.

Na uku maƙwabta. Mai sashe a gidan bene ba shi kaɗai ke da rufi ba, ko matakala, ko ramin salga, ko tankin ruwa. Dā can Ma'aikatar Ayyuka ke gyara waɗannan. Yanzu da gidajen suka koma hannun mutane, na sama ya ce salga ta na ƙasa ce, na ƙasa ya ce rufi na na sama ne, gida yana lalacewa suna kallo. Kafin a biya, a tambaya ko mazauna suna da yarjejeniya a rubuce da asusun gyara. In babu, mai saye ya sani rigima ya saya haɗe da ɗakuna.

A nan ne mu ke kira ga Gwamnatin Jiha. Ya kamata duk gidan bene da aka sayar sashe sashe, a rubuta cikin takardar kowane mai sashe rabonsa na gyaran abin da suka yi tarayya a kai. Hukumar KASUPDA mai tsara birane kuma ta sa ido a kan masu sayen tsohon gida su sare itatuwa, su yanka farfajiya su jera kantuna, har su toshe magudanar ruwa. Waɗannan itatuwa da filaye su ne suka sa unguwannin suka yi daraja tun farko.

Jama'a, kuɗin da mutum ya yi shekara talatin da biyar yana aiki kafin ya samu ba na gaggawa ba ne. Dillali la'adarsa ya ke nema, ranar da ya karɓa aikinsa ya ƙare. Mai saye shi zai kwana a ƙarƙashin rufin, shi zai bar wa 'ya'yansa takardar. Ya bincika tukuna, sa'an nan ya ƙirga kuɗi.