Suturar bakan halbi: a ɓoye wa dabba, kada a ɓoye wa mahalbi

Duk wanda ya taɓa ganin tsohon mahalbi yana shirin shiga daji ya san cewa ba ya ɗaukar abu mai ƙyalli. Rigarsa rinanniya ce, kwarinsa na fata, bakansa kuwa ya yi duhu saboda mai da hayaƙi da gumin hannu na shekara da shekaru. Dalili a fili yake: mai halbi da kibiya tilas ne ya matso kusa da dabba, kamar taki 20 ko 30, kuma a wannan tazara walƙiya ɗaya ta hasken rana a jikin baka ta isa ta sa barewa ta bar wurin.

Wannan darasi da mahalban Adar da Gobir da Damagaram suka gada, sai da mahalban Amurka suka koye shi da wahala. A shekarar 1934 ne jihar Wiskonsin ta fara keɓe wa masu baka lokacinsu na farautar barewa. Bayan yaƙin duniya na biyu, masu ƙira irin su Fred Bear na jihar Mishigan suka shiga haɗa itace da zaren gilashi, suna fitar da bakuna masu ƙarfi da santsi, masu sheƙi kamar sabuwar mota. Kyan da ya ja mai saye a kanti shi ne ya kori nama a daji. Sai mahalba suka shiga neman dabara a kan hannuwan baka, wato sassan nan biyu masu lanƙwasa da ke sama da ƙasan mariƙi. Wasu suka naɗe su da ƙyallen nan mai manne da ake kira sikoc, wasu suka fesa musu fenti marar sheƙi, wasu kuma suka ɗinka musu riga kamar safa. A shekarar 1986 kamfanonin Realtree da Mossy Oak suka fito da zane-zanen ganye da ɓawon itace, har aka kai ga buga irin wannan zane a jikin baka tun daga masana'anta. Faransa ma, da ta halatta farauta da baka a 1995, ta ɗauki wannan al'ada.

Sai dai binciken masana ya nuna cewa launi ba shi ne babban abin ba. Idon barewa irin ta Amurka ba ya rarrabe ja da kore sosai, shi ya sa a jihohi da yawa mahalba ke sa riga mai ruwan lemo don ƴan uwansu su hange su, ba tare da dabba ta damu ba. Shuɗi ne take gani da kyau, sai ƙyalli, sai motsi. Ke nan zanen ganye mai tsada ya fi burge ɗan Adam. Abin da ke amfani shi ne kashe sheƙi da karya doguwar siffar baka da ɗigo-ɗigo na duhu da haske.

Tun kafin zamanin fenti da sikoc, mutane suna suturta baka, amma don wata manufa dabam. Turkawa suna haɗa nasu da ƙaho da itace da jijiya, da manne na fata ko na kifi wanda danshi ke lalatawa, saboda haka sai su rufe bayansa da fata mai laushi ko ɓawon itace kafin a yi masa ado. Mutanen Japan suna naɗa tsiron kwagiri su shafa ƙaron itace. Wasu ƙabilun asali na Amurka fatar maciji suke liƙawa a kan jijiya. A ƙasar Hausa kuwa, inda iskar hunturu ke busar da itace har ya tsage, mai ne ake shafawa, a ɗaure wuraren da ake tsoro da fata ko jijiya. Dukkansu kare lafiyar baka suke nufi.

A nan ne sabuwar dabara take da haɗari. Na farko, duk abin da aka ɗora wa hannun baka nauyi ne, kuma ƙarfin da ya kamata ya tafi da kibiya sai wani sashe nasa ya ƙare wajen motsa wannan nauyi. Abin ya fi muni kusa da bakin baka, inda gudu ya fi yawa. Kibiyar da ta rasa gudu ko ta kauce ba ta kashewa, raunatawa take yi, dabba ta je ta mutu a inda ba wanda zai amfana. Na biyu, sikoc yana riƙe ruwan damina a ƙarƙashinsa, kuma a zafin bazara da ke wuce digiri 40 mannensa narkewa yake yi. Na uku, sinadarai masu ƙarfi da ake wanke fenti da su suna iya cin rufin asali na baka.

Mafi girma duka shi ne abin da sutura ke ɓoyewa. Bakan farauta, idan aka ja shi, yana riƙe da nauyin kilo 20 zuwa 30. Tsaga ƙarama kamar silin gashi ta isa ta zama karaya, kuma baka ya fi karyewa ne a lokacin da aka ja shi, tsirkiya na kusa da kunci, ido na kusa da kibiya. Mai bakan da ba shi da sutura yana ganin tsagar tun tana ƙarama. Wanda ya lulluɓe nasa da sikoc shekara uku bai kware ba, ya rufe idon kansa ne kafin ya rufe na dabba.

Saboda haka masu sana'ar suna da ƙa'idodi kaɗan. Kafin a rufe, a goge hannun baka da auduga. Duk inda ta maƙale, akwai sartse. A sa rufi marar nauyi, daidai a hannuwa biyu, a bar gurbin tsirkiya a buɗe. Idan lokacin farauta ya wuce, a kware, a duba, a bar shi ya sha iska. Wanda kuma aka kawo masa tsohon baka a naɗe, kada ya biya sai mai shi ya kware a gabansa.

Mahalbin da ke ɗaura kan burtu a goshi, ya durƙusa yana rarrafe yana kwaikwayon tafiyar tsuntsu, ya san cewa ɓuya ba a fenti take ba. Yana duba inda iska ta nufa, ya tsaya cak idan dabba ta ɗaga kai. Da yamma kuma, idan ya komo gida, yakan sassauta tsirkiya, ya bi jikin bakansa da yatsa daga wannan baki zuwa wancan kafin ya rataye shi.