Masar da Saudiyya: Shin katakon roba zai iya maye gurbin tagar mashrabiya?

Duk alhajin da ya taɓa samun sukunin kewaya tsohon garin Jidda, wato unguwar da ake kira Al-Balad, zai tuna da dogayen gidajen nan waɗanda aka lulluɓe fuskarsu da tagogin katako masu kama da raga. Mutanen Jidda na kiran irin wannan taga roshan, a Alƙahira kuwa ana ce mata mashrabiya. A halin da ake ciki tambayar da ke gaban magina da kafintoci da masu kula da kayan tarihi a ƙasashen Masar da Saudiyya ita ce, shin ya dace a riƙa yin waɗannan tagogi da katakon roba, wanda 'yan kasuwa ke kira WPC, tunda katakon asali ya yi tsada, kuma masu iya aikinsa sai raguwa suke yi?

Kafin a amsa wannan tambaya, ya kamata mu san aikin da tagar ke yi. Masana na danganta sunan mashrabiya da kalmar Larabci ta shan ruwa, domin a jikinta ake ajiye tulu, iska ta ratsa ta sanyaya ruwan, kamar dai yadda randa ke yi a gidajenmu. Shahararren mai zanen gine-ginen nan na Masar, Hassan Fathi, wanda ya rasu a shekarar 1989, ya lissafa ayyuka biyar da take yi: rage ƙarfin hasken rana, daidaita shigar iska, sanyaya iskar, ƙara mata danshi, da kuma sirranta mutanen gida, ta yadda na ciki zai ga na waje amma na waje ba zai ga na ciki ba. Duk wannan kuwa ba tare da wutar lantarki ba. Wanda ya ziyarci gidan Suhaimi da ke Alƙahira, wanda aka fara ginawa a 1648, zai ga yadda hikimar ke aiki har gobe.

To me ya sa ake neman madadi? Dalili na farko shi ne kuɗi. Masar ƙasar hamada ce, kusan dukkan katakon da take amfani da shi daga waje take sayowa, musamman daga ƙasashen Turai. Idan ba a manta ba, kafin watan Nuwamban 2016 ana canjin dalar Amurka ɗaya a kan ƙasa da fam 9 na Masar, amma bayan karya darajar kuɗin da aka yi a watan Maris na 2024 sai da dala ta kai kimanin fam 50. Dalili na biyu shi ne wahalar aikin. Mashrabiyar Alƙahira ƙananan guntayen katako ne da ake sassaƙa su ɗaya bayan ɗaya, sannan a soka wannan cikin wancan ba tare da ƙusa ko gam ba, kuma taga guda na iya cin ɗaruruwa ko dubban irin waɗannan guntaye. Mai ginin da ke son ya rufe fuskar otel ko makaranta cikin 'yan watanni ba zai iya jiran wannan ba.

Shi kuwa katakon roba, garin katako ne ake cuɗawa da narkakkiyar roba, galibi kusan rabi da rabi ko garin ya ɗan fi yawa, sannan inji ya matso shi a matsayin falanki ko sanda. Ya fara yin kasuwa sosai ne a Amurka cikin shekarun 1990, inda ake shimfiɗa shi a barandar gidaje. Alfanunsa a fili yake: ba ya shan ruwa sosai, gara ba ta cika damunsa ba, ba ya buƙatar fenti a kai a kai, kuma injin da kwamfuta ke sarrafawa na iya huda shi da kowane irin zane cikin ɗan lokaci. A gari kamar Jidda, inda danshin teku da gishiri ke cinye katako, wannan ba ƙaramin abu ba ne. Haka kuma ana iya haɗa shi da tsohuwar roba da ɓuntun shinkafa ko karanta. Ga Masar wannan na da muhimmanci, domin tun daga 1999 mazauna Alƙahira suka san baƙin hayaƙin da kan lulluɓe birnin da kaka, wanda ƙona karan shinkafa a gonaki na cikin musabbabansa.

Sai dai masu iya magana kan ce kama da wane ba ta wane. Katako abu ne mai numfashi, yana tsotsar laima da dare ya sake ta da rana idan iska mai zafi ta ratsa, kuma wannan ne ke ba da danshin da Hassan Fathi ya ambata. Robar da ta hana katakon roba shan ruwa, ita ce kuma ta rage masa wannan aiki. Bayan haka, guntayen mashrabiyar asali kewayayyu ne, don haka hasken da ke faɗa musu yakan shigo ɗaki a tausashe, alhali falankin da aka huda yana da kaifin gefe, haskensa kan kashe ido. Roba kuma tana miƙewa da zafi, tana iya lanƙwasa idan ta daɗe a rana, launinta ya koɗe. Batun gobara ma abin dubawa ne. Gaskiya ne katako na cin wuta, har ma a ƙarni na 19 gwamnatin Muhammad Ali ta kafa hujja da hakan ta hana sanya mashrabiya a sababbin gidajen Alƙahira, to amma katakon roba shi ma yana ci, kuma hayaƙin wasu nau'o'insa guba ne idan ba a sa masa maganin hana kamawa ba. Uwa-uba, idan guntu ɗaya ya lalace a mashrabiyar katako, kafinta zai zare shi ya sa wani. Idan falankin roba ya tsage, sai dai a cire shi ɗungurungum.

A nan ne ya zama wajibi a bambanta sabon gini da tsoho. Hukumar UNESCO ta sanya tsohon birnin Alƙahira cikin jerin wuraren tarihi na duniya a 1979, ta sanya tsohon garin Jidda a 2014, kuma ɗaya daga cikin sharuɗɗan wannan matsayi shi ne a kiyaye asalin kayan gini da asalin aikin hannu. A 2019 gwamnatin Saudiyya ta ware riyal miliyan 50 domin ceto gidaje 56 a Al-Balad. A ganinmu, duk wanda zai cire roshan ɗin gida irin na Nasif, wanda aka kammala a 1881 kuma Sarki Abdul'aziz ya zauna a cikinsa a 1925, ya liƙa na roba, to ya rushe tarihin ne da sunan gyara shi.

Garin Sawakin na ƙasar Sudan ya ishe mu misali. Ta nan ne kakanninmu da suka tafi Makka a ƙasa, suka ratsa Barno da Chadi da Sudan, suke shiga jirgin ruwa su tsallaka Bahar Maliya zuwa Jidda. Gidajen Sawakin ma suna da irin waɗannan tagogi. Amma bayan da Turawan Ingila suka buɗe sabuwar tashar jiragen ruwa a Port Sudan a 1909, 'yan kasuwa suka ƙaura, masu gyara suka bi su, gidajen suka riƙa zubewa ɗaya bayan ɗaya. A watan Disamban 2017 shugaban Turkiyya Recep Tayyip Erdogan ya ziyarci garin, aka yi yarjejeniyar farfaɗo da shi, sai kuma yaƙin da ya ɓarke a Sudan a watan Afrilun 2023 ya ɗauke hankalin kowa. Abin da ya kayar da Sawakin shi ne rashin masu zama da masu gyara, kuma babu irin katakon da zai magance wannan.

Don haka babban abin da ke cikin hatsari shi ne sana'ar kanta. Mu ma mun ga yadda tabarmar roba ta kori tabarmar kaba daga kasuwanninmu, masu saƙa suka tsufa ba su sami magada ba. Idan kafintocin Alƙahira suka rasa aikin sababbin gidaje gaba ɗaya, yaransu za su koma wata sana'ar, ranar da za a nemi mai gyara tagar gidan Suhaimi kuma a rasa. Akwai wata hanya ta uku da Farfesa Hamid El-Mously na Jami'ar Ain Shams ya daɗe yana kira a kanta, wato yin mashrabiya da zarba, reshen dabinon da manoma kan sare su yar ko su ƙona. Masar ce kan gaba wajen noman dabino a duniya, saboda haka kayan aikin na gida ne, aikin kuma ya zauna a hannun masu sana'a.

Shawararmu ita ce a bar kowa a gonarsa. Katakon roba ya shiga sababbin makarantu da asibitoci da gidajen haya, inda ba don shi ba gilashi za a sa a dogara da na'urar sanyaya ɗaki, bisa sharaɗin hukumomi su gwada juriyarsa ga rana da wuta kafin a sayar. Tsofaffin gidaje kuwa a bar su da katakonsu, a kuma wajabta wa 'yan kwangilar gyara ɗaukar yara masu koyon aiki. Mu kuma da muke da asabari da zana tun kaka da kakanni, ga shi wutar lantarki ba ta zama, ya kamata maginanmu su sake tunani kafin su rufe kowane sabon gida da gilashi. Allah Ya sa masu ruwa da tsaki su ji.