Raddi Ga Mai Cewa Ƙa'idojin Buɗe Wuta Ne Suka Ɗaure Hannun Soja

Wani ɗan'uwa mai sharhi kan harkar tsaro ya yi rubutu mai zafi, yana kira da a jingine ƙa'idojin da ke tsara wa soja lokacin da zai buɗe wuta, da wanda zai buɗe wa, da irin makamin da zai yi aiki da shi. A ganinsa, muddin ba a sakar wa soja mara ba, ba za a ga bayan 'yan bindiga da Boko Haram ba. Zafin ransa na gaskiya ne. Wanda ya san yadda ake kwashe matafiya tsakanin Gusau da Funtuwa, ko yadda manomi ke biyan ɓarayin daji haraji kafin ya girbe gonarsa, ba zai ga laifin mai fushi ba. Sai dai fushi daban, hujja daban. Bari mu bi maganganun Malam ɗaya bayan ɗaya.

Ya fara da cewa ƙa'idojin nan su ne ke sa a kashe soja bindigarsa na hannu, wai sai ya jira izini daga sama kafin ya mayar da martani. Wannan rashin fahimtar abin da ƙa'idojin suka ƙunsa ne. Littafin jagora na San Remo, wanda aka fitar a 2009 don taimaka wa rundunoni su tsara nasu ƙa'idojin, ya gina komai a kan cewa soja yana da haƙƙin kare kansa da rundunarsa idan aka kawo masa hari, ko idan ya ga tabbatacciyar alamar ana shirin kawo masa. Wanda ake harbi ba ya neman izinin kowa. Inda ƙa'ida take tsaurarawa wani wuri ne daban: jami'in da ke zaune gaban allo, nesa da fagen daga, ya hango taron mutane cikin dare. Wa ke da ikon cewa a saki bam? Shaida nawa ake buƙata kafin a tabbatar mayaƙa ne? An tuntuɓi rundunar da ke ƙasa? Idan akwai mata da yara kusa, a jira ko a fasa? Babu ɗaya daga cikin waɗannan tambayoyi da ke jefa ran soja cikin haɗari.

Na san misalin da masu wannan ra'ayi suka fi so, kuma ba zan kauce masa ba. A ranar 23 ga Oktoba 1983, wata babbar mota maƙare da bama-bamai ta kutsa barikin sojan Amurka a Beirut, ta kashe 241. Masu gadin ƙofa suna bin umarnin da ya hana su ɗana harsashi a bindiga, kuma kwamitin bincike ya soki wannan tsari. To, ƙa'ida maras kyau tana kisa, babu musu. Amma Malam ya ƙarasa karatun. A 1987 makamin Iraƙi ya faɗa wa jirgin ruwan yaƙin Amurka mai suna Stark, ma'aikata 37 suka mutu, sai aka ƙara wa kwamandojin da ke Tekun Fasha damar yin harbi da wuri. Ranar 3 ga Yuli 1988 jirgin ruwan Vincennes ya harbo jirgin saman fasinjan Iran bisa zaton na yaƙi ne, mutum 290 suka hallaka. Darasin Beirut shi ne a gyara ƙa'ida ta dace da fagen da ake ciki. Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba.

A gida kuma, wace ƙa'ida ce ta hana sojojinmu harbi a Metele ta jihar Borno cikin Nuwamba 2018, lokacin da mayaƙan ISWAP suka afka wa sansaninsu? Harbi suka yi. Kukan da waɗanda suka tsira suka fito da shi kukan tsofaffin tankoki ne da ƙarancin kayan aiki. Ɗora laifin wannan a kan takardar ƙa'ida sauƙaƙa wa masu alhakin sayen makamai ne.

Magana ta biyu ita ce wadda ta fi shiga zuciyar jama'a: ɗan bindiga ba ya bin doka, don me za a bi doka a kansa? Amsa ita ce ba don shi aka yi ƙa'idar ba. Wanda ya ɗauki makami yana yaƙi, babu dokar yaƙin da ta hana a kai masa hari. Abin da ake karewa shi ne wanda ke kusa da shi ba da zaɓinsa ba, da wanda aka ɗauka shi ne alhali ba shi ba ne. Ranar 17 ga Janairu 2017 jirgin yaƙi ya yi ruwan bam a sansanin 'yan gudun hijira na Rann a jihar Borno. Mutanen da suka gudo wa Boko Haram ne, fiye da 100 suka mutu, har da ma'aikatan Red Cross 6. Daren 3 ga Disamba 2023 jirgi maras matuƙi na rundunar sojan ƙasa ya jefa bam kan masu Maulidi a Tudun Biri, ƙaramar hukumar Igabi ta jihar Kaduna. Hukumar NEMA ta ce an binne 85. A Janairu 2025, a Tungar Kara ta jihar Zamfara, waɗanda bam ya samu askarawa ne da 'yan sa-kai da suka fito bin sawun ɓarayi. A cikin waɗannan wurare uku, wane ɗan bindiga ne sassaucin ƙa'ida ya cutar?

Akwai kuma lissafin yaƙi zalla, ko da mutum ya ajiye tausayi gefe. Yaƙin daji da bayanan sirri ake cinsa, bayanan kuwa a bakin mutanen ƙauye suke. Su suka san wanda ke kai wa ɓarayi man fetur da burodi, su suka san mashigin da babura ke bi. Ƙauyen da ya binne 'ya'yansa saboda bam ɗin gwamnati, da wace fuska za a je neman labari a wurinsa? Kuma mun riga mun gwada kisan wanda ke hannu. A ƙarshen Yuli 2009 sojoji suka kama shugaban Boko Haram, Muhammad Yusuf, da ransa, suka miƙa shi ga 'yan sanda, aka kashe shi ba shari'a. An yi ta murna an kashe maciji. Kowa ya ga abin da ya biyo baya tun daga 2010.

Sai da'awar cewa wannan tsari na Turawa ne, an ƙaƙaba mana shi daga Janiba. A nan na fi mamakin Malam, domin mai karatu ne. Muwaɗɗa ta Imamu Malik, wadda ake karantawa a zaurukanmu, ta kawo wasiyyar Sayyidina Abubakar ga Yazidu ɗan Abu Sufyan lokacin da ya tura runduna Sham: ya hana kashe mace da yaro da tsoho tukuf, ya hana sare itace mai 'ya'ya da rushe gine-gine da yanka dabba sai don ci. Me ake kiran wannan in ba ƙa'idar amfani da ƙarfi ba? Usama ɗan Zaidu ya kashe mutumin da ya furta kalmar shahada bayan an ci ƙarfinsa, yana ganin tsoron takobi ne ya sa shi furtawa, Manzon Allah (SAW) ya yi masa faɗa mai tsanani har Usama ya yi nadama iyakar nadama. Zato, ko da mai ƙarfi ne, bai halatta jini ba. Imamu Shaibani, almajirin Abu Hanifa, ya rubuta littattafan Siyar kan hukunce-hukuncen yaƙi fiye da shekara 1,100 kafin yarjejeniyoyin Janiba na 1949. A tarihinmu na kusa ma, gwamnatin Yakubu Gowon ta raba wa sojojin tarayya ƙa'idar aiki a 1967, a farkon yaƙin basasa, wadda ta hana taɓa mata masu ciki da yara da asibitoci da masallatai da coci-coci da wanda ya miƙa wuya. An saɓa mata a wurare, kisan fararen hula da aka yi a Asaba shaida ne, amma ba baƙo ne ya rubuta ta ba.

Ƙarshen hujjarsa shi ne yaƙi ba ya rasa kuskure, saboda haka a daina tuhumar soja don kada gwiwarsa ta yi sanyi. Rabin farko gaskiya ne. Amurka da duk na'urorinta ta kashe mutum 10 'yan gida ɗaya a Kabul ranar 29 ga Agusta 2021, 7 daga ciki yara. Amma ta yaya za a bambance kuskure da sakaci idan babu rubutacciyar ƙa'idar da za a auna aiki da ita? Jami'in da ya bi duk matakan tantancewa sannan ƙaddara ta faɗa, ƙa'ida ce za ta wanke shi a gaban kotun soja. Wanda ya tsallake matakan, ita ce za ta kama shi. Cire ta, sai na kirki da na banza su zama ɗaya a idon jama'a, kakin gaba ɗaya ya ɗauki baƙin jini. Binciken hedikwatar tsaro kan Rann ya ce ba a yi wa sansanin alama a taswirar aiki ba. Wannan giɓi ne da ake iya toshewa da alƙalami. A Tudun Biri, waɗanda suka tsira sun ce bam na biyu ya sauka ne kan masu kwashe gawa. Tsakanin na farko da na biyu akwai lokacin sake dubawa, kuma ƙa'ida aka yi don irin wannan lokacin.

Shari'a ma ba ta ce kuskure ya share haƙƙi ba. Da Khalidu ɗan Walidu ya kashe mutanen Banu Jazima bisa mummunar fahimtar maganarsu, Manzon Allah (SAW) ya barranta daga aikin a bainar jama'a, ya aiki Sayyidina Aliyu ya biya diyyar rayuka da dukiya. Khalidu ya ci gaba da jagorantar runduna, gwiwar kowa ba ta yi sanyi ba.

Marigayi Laftanar Janar Taoreed Lagbaja, babban hafsan sojan ƙasa na lokacin, ya je Tudun Biri da ƙafarsa ya ba da haƙuri, kuma a Mayu 2024 hedikwatar tsaro ta ce jami'ai 2 za su gurfana a kotun soja. Maimakon kiran a soke ƙa'ida, ina roƙon Malam ya haɗa alƙalaminsa da namu mu nemi Majalisar Tarayya ta sa a buga cikakkun rahotannin binciken Rann da Tudun Biri kowa ya karanta, ta kuma yi dokar da za ta wajabta biyan diyya ga duk farar hular da makamin gwamnati ya kashe.